Zainulabideen, Wanda Ya Ga Abin Da Ban Gani Ba A Rijiyar Babana

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Da hantsin Talata, 14 ga Janairu, 2025, ina cikin aji aka bugo mini cewa Dakta Zainulabideen Hammadu Gude ya rasu. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa.

Zainu, yau zan faɗi abin da na ɓoye: shekara goma ina kishinka.

Tare muka yi kiwo, tare muka karanci injiniyan sadarwa. Rijiyar da muke shayar da shanu a Masanawa ta mahaifina ce, Malam Mijinyawa. Ƙa'idarta kowa ya sani: in mai rijiya ba ya nan baƙo ya shayar, in ya iso baƙo ya janye, wanda ya yi zari kuma gobe a hana shi guga. Ni ƙaho da taɓo kawai na gani a wurin. Kai ka ga lissafi. Ka ce haka zangon rediyo yake: mai lasisi ba kullum yake magana ba, don haka na'ura mai basira ta saurara, in ta ji shiru ta shiga, in ya dawo ta fice. Ka nuna da lissafin masu takara cewa na'urar da ta yi haɗama yau ita za ta yi asara gobe.

Rijiyar ubana, amma sunanka ne ya yi fice! Abin ya ci ni.

Kai kuwa ba ka canza ba. Ɗalibaina ma kai kake gyara musu aiki, duk Juma'a kuma kana Kabo gaida innata.

Da mujalla ta turo mini takardarka in tantance a ɓoye, wata tara na danne ta. Ƙarin girmanka ya wuce ka a shekarar. Na zo har gida na jajanta maka, ka sa aka kawo mini fura.

Ranar sadakar uku matarka Hajiya Bushira ta ce mini, "Malam Mudassir, ai ya san kai ne. Na ce ya kai ƙara, ya ce in bari, mai rijiya ne ya iso, sai a janye."

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ya ba Hajiya Bushira, da 'ya'yanka Zinnira da Mahbub, da jama'ar Gude haƙuri. Ni kuma Ya yafe mini, don ko wannan haƙurin naka, wallahi, kishinsa nake yi.