Ranar da Na Warkar da Baba da Bakina

Assalamu alaikum Edita, da ku masu karatu. A lokacin da wannan abu ya faru ni matar aure ce 'yar Kano, na bi maigidana birnin Guangzhou na ƙasar Caina inda yake saro wa 'yan kasuwa kaya a kasuwar Shahe yana tura musu gida. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ni ba mai fita ba ce. Daga ɗaki sai kicin, ina tuƙa tuwo ina sayar wa mutanenmu na Kano da Maraɗi waɗanda taliya ta gundura. Amma Allah Ya ba ni kunne. Ta tagar gidanmu a unguwar Sanyuanli na tsinci yaren 'yan Caina, har nakan yi ciniki da mai kayan miya in sa ta dariya. To wannan kunnen, da bakin nan nawa da ba ya gajiya, su suka ja mini.

A ƙasan benenmu akwai wani tsoho ɗan Caina da ke zaune shi kaɗai, ina ce masa Baba. Tun yana da ƙarfi injin masaƙa ya murƙushe masa ƙafa, gwamnati na ba shi ɗan tallafin nakasassu, da shi yake ci yake sayen magani. Mutumin kirki, kullum yana bakin ƙofa yana taya ni ɓare tafarnuwa. Wata safiya, ana ta shirin wasannin Olamfik, ya gaya mini gobe mutanen gwamnati za su zo ganin ƙafarsa. Na ji daɗi har raina, na ce ashe ƙasar nan ma an san dubiya. Ban san cewa lokaci-lokaci ake zuwa a duba ko mutum har yanzu ya cancanci tallafin ba. Ni a wurinmu in an zo ganin mara lafiya, ai sannu aka kawo.

Sai na ce wallahi Baba ba zai ji kunya ina maƙwabciyarsa ba. Na share ɗakin nan tas, na kunna turaren wuta, na ɗauko sabuwar rigar maigidana na sa shi ya saka yana ta tirjewa. Na dafa farfesun kaza na ajiye a tsakiyar tebur. Sandar da yake dogarawa kuwa duk an naɗe ta da tsumma, na ga ba ta dace da idon baƙi ba, na faki idonsa na cusa ta bayan akwati.

Baƙin su biyu ne, mace da namiji, masu ladabi. Suka zauna suna kallon rigar, suna kallon kazar. Da macen ta ga ina jin yaren, sai ta tambaye ni yaya nake ganin jikin Baba tunda kullum muna tare. Jama'a, wace ɗiyar Bahaushe ce za a tambaye ta jikin mara lafiya ta ce ya yi tsanani? Ko mutum na gargara ai da sauƙi ake cewa. Na ce da sauƙi ƙwarai. Ta ce yana iya hawa bene? Na ce har da gudu. Na ba su labarin ranar da ya ɗauko mini tukunyar gas har sama, na miƙe ina kwaikwayon tafiyarsa. Abin da ban faɗa ba shi ne a matakala ta uku ya zube, ya kwana biyu bai tashi ba, don na ga wannan tonon asiri ne. Baba yana ta tari yana ƙifta mini ido yana laluben sandarsa. Na ce musu kada su damu, haka yake da kunya kamar Bafulatani, ba ya son yabo. Namijin dai rubutu kawai yake yi. Da za su tafi har na juye musu sauran kazar a leda.

Bayan 'yan makonni aka dakatar da tallafin sai an sake bincike. 'Yarsa da ke aiki a wata masana'anta a wani gari ta zo tana kuka tana faɗa, ranar na so a ce kunnena bai jin yaren, don ba abin da ya wuce ni. Shi kuwa Baba sai na ga ya fara raba ƙwayar maganinsa biyu don kada ya ƙare. Wannan ya fi zagin ciwo. Maigidana ya ce likitocin Caina sun yi shekaru sun kasa, ni na warkar da mutum da farfesu ɗaya, in na koma Kano in buɗe asibiti.

Ni da ko bakin titi ban sani ba, na yafa mayafi na bi Baba da 'yarsa ofishin masu ba da tallafin, a lokacin da baƙar fata ke ɓoyewa saboda yawan duba fasfo. A gaban mutane na tsaya na ce Baba ba shi da sauƙi ko kaɗan, ƙafar nan kullum ƙara lalacewa take. Ban taɓa faɗin magana mai nauyi irin wannan ba, kowace jimla sai na bi ta da istigfari a zuci, ina jin kamar baki nake yi masa. Macen nan ta tambaye ni me ya sa na yi ƙarya da farko. Na ce ba ƙarya ba ce, gaisuwa ce. Daga ƙarshe aka tura shi likita, aka ɗauki hoton ƙafar, hoton da bai san kara ba ya faɗi gaskiya. Kafin a maido masa da tallafin wata da watanni ni nake ciyar da shi, har ya ƙware a cin tuwo da miyar kuka da tsinkayen nan biyu da suke cin abinci da su.

Da shekara ta zagayo za a sake zuwa duba ƙafar, tun da sassafe Baba ya hau kan sandarsa ya zauna, ya kira maigidana ya roƙe shi ya kai ni kasuwar Baima in ga kaya, kada mu dawo sai magariba. Ranar na fara ganin kasuwar da nake ta jin labarinta.

'Yan uwana mata, musamman masu bin miji ƙasar waje, rufin asiri abu ne mai kyau, amma ku fara sanin wa ke tambaya da abin da ya kawo shi. Da sauƙin da ke sanyaya zuciya a gida, a wani wurin abincin bawan Allah yake yankewa. Ni dai har yau in aka tambaye ni jikin wani, sai na leƙa hannun mai tambayar tukuna. In na ga biro, ba na cewa komai sai Allah Ya sawwaƙe.