Baƙin Mai a Farar Shadda

Jiya a Ƙofar Nassarawa na hangi wani makaniki ya bar kalifa, ƙarfen nan mai matse birki, tana reto a jikin tiyonta, sai Baba ya faɗo mini a rai.

Shi ba ya haka. In ya ɗaga motarsa da jak a ƙofar gidanmu na Shahuci, ya cire tayar baya, ya kwance notuna, sai ya ɗaure kalifar da waya, wai tiyon man birki ba ya ɗaukar nauyi.

A haka Malam Nura ya same shi ranar da ya fara zuwa gaishe shi a kan maganar aurena, cikin farar shadda, yana ƙamshin turare. Ina leƙe daga soro, don na san in Baba ya ce a'a, magana ta ƙare. Ranar wayar ta ɓata, sai Baba ya miƙa masa ƙarfen.

"Riƙe mini, Malam, kada ka saki."

Ya tsuguna riƙe da shi, baƙin mai yana ɗiga a hannun rigarsa.

"Ko sauri kake?"

"A'a, Baba."

Sai da aka kira la'asar aka gama. Da Baba ya shigo yana goge hannu, ya ce, "Ke, malamin nan naki bai san sifana ba, amma ba ya saki. Ya turo manyansa."

Yau Malam Nura ya yi furfura, shi ke duba birkin motarmu, da guntuwar waya a aljihu. Allah Ya haskaka kabarinka, Baba, Ya riƙe ka da rahamarSa.