Jaridun da Na Ce Na Duba

Akwai abin da na yi a Gure wanda har in koma ga Allah ba zan manta da shi ba. Kusan shekara talatin ke nan, amma ko jiya sai da ya faɗo mini a rai, kuma wayar hannu ce ta jawo. Ɗiyata ta sa mini wata manhaja mai tattaro labarai daga shafukan intanet iri-iri ta jera mini su wuri ɗaya. Ita ce ta uku da na gwada. Ta farko kanun labari kaɗai take nunawa, sai ka danna ka zauna jiran rezo, wato layin intanet ya kama. Ta biyu ita ke zaɓar maka abin da ta ga dama, wai ta san abin da kake so, sai ka ce ita ta haife ka. Wannan ta ukun ba ta ɓoye komai, amma in ka kwana biyu ba ka leƙa ba sai ka tarar ɗaruruwa sun taru suna jiranka. Ina cikin mita ɗiyar ta ce, "Baba, ga wuri nan, danna sau ɗaya duk su koma kamar ka karanta." Na janye yatsana da sauri. Ta yi ta dariya, don ba ta san dalili ba.

A shekarun casa'in ne aka turo ni Gure koyarwa daga yankin Maradi, ina saurayi, ga baki, ga ji da kai. Lokacin siyasa ta buɗe, jaridu sun yi yawa a Yamai, kowa ya samu alƙalami sai ya buga tasa. Mu kuwa sai sun kwana biyar ko shida suke iso mana, a ƙulle da igiya, ta hannun wani direba mai zuwa daga Damagaram. Muna da fada a ƙofar wani tela, inda ake dafa shayi bayan la'asar. Akwai malaman lakwal, wato makarantar boko, akwai ma'aikatan likita, akwai ƴan kasuwar gari da ba sa jin Faransanci amma sun fi mu son labari. Dole wani ya karanta ya mayar musu da Hausa.

Kafin zuwana wani dattijo ne ke wannan aikin, tsohon ma'aikacin gidan waya, muna ce masa Alhaji. Alhaji ba ya tsallake komai. Daga shafin farko yake farawa, ya bi layi-layi da yatsa, har sanarwar rasuwa da ta neman ƴan kwangila da ta wanda ya ɓatar da takardunsa. Kafin ya kai inda ake zagin gwamnati an sha shayi na uku, an kira magariba. Mutane na hamma, amma ba mai iya cewa uffan saboda girmansa.

Ni ne na iya. Wata rana na ce, "Alhaji, a wannan tafiyar sai an yi juyin mulki an gama muna shafi na biyu." Aka tuntsire da dariya. Na karɓi ƙullin, na yi ta juya shafuka, na tsamo masu zafi, na ƙara musu gishiri. Cikin rabin awa na ratsa jarida huɗu. Tela ya ce wallahi yau ya ji labari. Daga nan aka shiga gardama, wasu na cewa na Alhaji ya fi cika, wasu na cewa nawa ya fi daɗi, kuma masu son daɗi suka rinjaya. Alhaji ya ninke tabaransa ya sa aljihu, ya ce, "To, Mushe, ga amana nan." Mushe kuwa haka ake kiran malamin boko a wajenmu. Na ɗauka maganar wanda aka kayar ce.

Jaridu suka koma ɗakina. Na ƙirƙiro wa kaina tsari da nake alfahari da shi: duk wadda na gama sai in yi mata alama da jan bik, wato biro, a kusurwar sama, irin wadda nake yi wa kaye, littafin rubutun ƴan aji. Masu alama sai in ba mai balangun bakin tasha ya naɗe nama, marasa alama su jira a kan teburi. Sai dai abin ya yi ta ƙaruwa. Wannan ya ce a ƙaro jaridar jam'iyyarsu, wancan ya ce ai tasu ma sai an ji ta. Ni kuma ba na son a ce na kasa, duk wadda aka kawo sai in ce a zubo. Sa kai ya fi bauta ciwo, amma a lokacin ban ji ciwon ba tukuna. Na fara tsallake jaridar gwamnati, don ita ce marar armashi, daga hoton minista yana yanke ƙyalle sai sanarwoyi da ƙananan baƙaƙe masu sa ciwon ido.

Gardin lakwal ɗinmu, wato mai gadi, wani dattijo ne mutumin Bune, mai sanyin magana, ba ya karatun boko. Ɗiyarsa ta fari ta gama koleji, ta yi konkur, wato jarrabawar shiga makarantar koyon aikin jinya a Damagaram. Da aka karanta sakamako a rediyo ba ta cikin waɗanda aka ɗauka, amma tana cikin jerin masu jira. An gaya musu in wuri ya samu za a buga sunaye a jaridar gwamnati, kuma wanda bai je cikin kwanakin da aka ɗiba ba a ba na bayansa. Ita tana can Bune wajen mahaifiyarta tana jira. Gardin ya same ni da safe a ƙofar aji, ya tsaya nesa kaɗan, ya ce, "Mushe, an ce kai ke duba takardun Yamai. Don Allah ka sa mini ido." Ya miƙo mini sunanta a wata ƴar takarda. Na ce, "Baba, wannan ai ƙaramin abu ne. Ko ƙuda ya gifta cikin jaridun nan sai na gan shi."

Makon farko na duba, tsakanina da Allah. Na biyu ma na duba. Sai jarrabawar ƴan aji ta zo, ga gyaran kaye, ga mai rangadin duba makarantu da ake ta cewa yana hanya, ga rikicin majalisa da ya sa fada ta cika maƙil kullum ana jiran in zo. Direban kuma motarsa ta lalace, ya haɗo mana ƙulli uku a tafiya ɗaya. Na zare na siyasa na kai fada, sauran na jibge. Duk safiya gardi zai ce, "Mushe, shiru dai?" Ni kuma in ce, "Shiru, Baba, na duba." Da farko ina faɗa da niyyar in na koma gida in duba da gaske. Daga baya bakina ya saba, har ba na jin nauyin kalmar.

Wata Lahadi da hantsi na kalli teburin nan, tulin ya kai kusan kamu biyu, ba ni da wurin aje kwano. Ganinsa kaɗai yana ɓata mini rai. Na ce wa kaina da akwai wani abu ai da an ji. Na ɗauki jan bik na bi su ɗaya bayan ɗaya, ina ɗaga kusurwa ina yin alama, ko buɗe su ban yi ba. Cikin minti biyar na gama. Na kai wa mai balangu, ya yi godiya har ya ɗanɗana mini tsoka. Abin da ya fi ba ni kunya yanzu shi ne irin sakayau ɗin da na ji ranar, na dawo ina fito kamar wanda ya sauke kaya.

An yi kusan mako uku. Ranar wata Alhamis an tashi daga lakwal, sai ga Alhaji a ƙofar ɗakina, abin da bai taɓa yi ba. Muka gaisa, na shimfiɗa masa tabarma, ya ƙi zama. Ya zaro wata takarda daga aljihu, duk maiƙo da yaji, ya warware ta a hankali. Ashe nama ya saya, shi kuwa ko takardar naɗin nama ce sai ya karanta ta kafin ya yar. Ya ɗora yatsa a wani layi ya ce, "Karanta mini nan, idona ya yi rauni." Sunan ɗiyar gardi ne, na huɗu a jeri. A ƙasa an rubuta ranar ƙarshe, kuma ta wuce da kwana tara. Ya matsar da yatsan zuwa kusurwar sama, inda jan bik ɗina yake.

Bakin nan nawa da ba ya mutuwa, ranar ya mutu. Na fara kame-kame, wai ƙila shafin ya manne ne. Alhaji ya dube ni ya ce, "Mushe, ni ban zo shari'a ba. Ba zan faɗa a fada ba, ba zan faɗa wa uban ba. Kai za ka faɗa masa." Ya aje takardar a kan tabarma ya sa takalmansa.

Ban faɗa ba. Na yi dabarar matsorata, na ce bari in gyara a ɓoye. Washegari na ce ba ni da lafiya, na hau mota zuwa Damagaram. Na sami wani ma'aikaci a makarantar, na yi roƙo, na yi Faransanci mai tsawo, na ce yarinyar ƙauye take, labari bai kai mata ba. Ya saurare ni har na gama, ya ce sun jira, sun ƙara kwana biyu a kai, sannan suka kira na baya, kuma har an fara karatu. Ya tambaye ni ko ba wanda ke duba musu jarida a Gure. Na ce akwai.

Da na dawo na yi kwana biyu ina kauce wa gardi, ina shiga lakwal ta baya. Rana ta uku ya tare ni da wani ƙullin tsumma a hannu. Cuku ne da dabino, uwar yarinyar ta aiko daga Bune. Ya ce, "Mushe, an ce ba ka ji daɗi ba, sannu. Ga wannan ba yawa, na wahalar da kake yi mana. Ko ba a samu ba ai ka yi iyakar ƙoƙarinka." Da mari ya kawo mini da ya fi mini sauƙi. Na ce masa ya zo mu zauna a inuwa. Na fito da takardar mai maiƙo, na faɗa masa komai, har da tafiyar Damagaram, har da cewa kullum da nake ce masa na duba ƙarya nake yi.

Ina jira ya zage ni, don da ni ne da na tara wa mutum jama'a. Sai ya ce, "Nuna mini inda sunan yake." Na nuna. Ya ɗora babban yatsansa a kai, shi da bai san ko baƙi ɗaya ba, ya ce, "Ashe dai an kira ta." Ya ninke takardar ya sa cikin hularsa, ya ce zai kai mata ta gani da idonta, don tun da aka yi shiru take cewa ita ce ba ta da kai. Sannan ya ce, "Mushe, da ka ce mini aiki ya yi maka yawa, ai da na kai wa Alhaji. Na so in je, sai na ji kunyarka, kada ka ce ban yarda da kai ba." Ya tashi ya bar mini cukun a wurin. Na kasa ci, na kasa mayarwa.

Da yamma na kwashi sabon ƙullin da ya iso na kai fada na aje gaban Alhaji. Tela ya ce lafiya? Na faɗa musu da bakina. Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya yi mini faɗa, mai dafa shayi ma da ya zo kaina ya miƙo mini kofi kamar kullum. Alhaji ya sa tabarau ya fara daga shafin farko. Na zauna na saurara har sanarwar ƙarshe, kuma ranar ban ga wanda ya yi hamma ba.

Yarinyar ta sake yin konkur a shekarar da ta biyo, ba ta samu ba, ko cikin masu jira. Ni na cika mata takardun, na yi mata bita a ranakun hutu, duk bai biya ba. Har aka ɗauke ni daga Gure uban bai fasa gaishe ni da safe ba, bai kuma sake tambayata komai ba.

Abin da na koya shi ne, ba laifi ba ne labari ya fi ƙarfinka, ba wanda zai iya karanta duniya duka, dole ka ɗauki wani ka bar wani. Amma in wani ya jingina da idonka, abin da ka tsallake shi ka tsallake wa. Kuma "ban duba ba" kalma uku ce kawai. Da na faɗe su sau ɗaya a ƙofar ajin nan, da gardi ya taka zuwa gidan Alhaji, da ɗiyarsa ta hau mota a kan lokaci.