Takwarar Inna da Gwangwanin Sukari

Shekara goma sha biyu ke nan da muka kai mahaifiyata, Inna, makwancinta a Roni, amma ban taɓa jin rashinta kamar bana ba.

Inna ba ta zuba sukari a fura. Ko baƙo ne ya nema, sai ta miƙa masa ludayi ta ce, "Sha a haka, ɗan nan. Zaƙi ba ya ƙosarwa, ɗan'uwansa yake kira." Da damina takan ɗora ɗan man shanu a kan ɗumame, mu ci mu tafi gona, ba ma tuna ciki sai azahar. Fanke kuwa abokin gabarta ne. A cewarta, in mai da sukari suka haɗu, ciki zai ce ya isa, baki ya yi kunnen uwar shegu. Mu dai dariya muke yi, muna cewa rowa ce.

Bayan rasuwarta aka haifa mini 'ya, na sa mata sunan Inna, muna kiranta Ummi. Kowa ya san yadda ake yi da takwarar uwa: ba tsawa, ba hani. In na taso daga aiki a Kazaure ba na shiga gida sai da lemon kwalba da cincin. So hana ganin laifi.

Yanzu Ummi ba ta ƙoshi. Ta sha lemo, ta ci cincin, ba a jima ba ka ji ta tana buɗe tukunya. Jiki ya yi nauyi, bayan wuyanta ya yi baƙi, uwarta ta yi ta dirza da soso. Da muka kai ta asibiti, likita ta ce ba dauɗa ba ce, ciwon suga ne ke matsowa. Tun ranar gabana ke faɗuwa, don na ga yadda ciwon nan ya raba maƙwabcinmu da ƙafarsa.

Da Inna na raye, ba jikar za ta yi wa faɗa ba, ni za ta ja wa kunne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ni kuma tsorona kada a ce na makara. Inna ba ta bar mana gona ba, maganarta kan zaƙi ce gadonmu, Allah Ya jiƙanta.

Jiya fura kaɗai na shigo da ita. Ummi ta kurɓa, ta yatsina fuska, ta kai hannu ga gwangwanin sukari. Tunda nake ban taɓa hana mai wannan suna komai ba. Na riƙe hannunta.

Na ce, "Sha a haka, uwata."