Ƙofar da ba icce ba ce

Ina da shekara ashirin na yi wa mahaifina dariya a bainar jama'a. A zaurensa ne, a Cadawa, yana ba da ƙissar annabin da kifi ya haɗiye. Ni kuwa na ɗan lashi boko a lakol, kai ya kumbura. Na ce, "Haba Baba, tarwaɗar gulbi ce za ta haɗiye mutum?" Wasu suka ƙyalƙyale. Tun ranar bai sake ba da ƙissar nan ina wurin ba. Abin ya daɗe yana cina, sai dai ni bakina bai iya ba da haƙuri ba.

Da gemuna ya fara furfura, fataucin aya ya kai ni wata ƙasa can kudu, bakin teku. Akwai wani tsohon gidan dutse a gaɓar ruwa, gishiri ya cinye fentinsa. Ƙofar shiga wasu azara biyu ne farare, sun lanƙwaso sun haɗe a sama, ko raƙumi da kaya zai wuce. Na ƙwanƙwasa ɗaya, na tambayi mai gadin, wani dattijo, wane icce ne wannan da gara ba ta ci ba, ko zan samu irinsa in kai gida.

Ya yi dariya har da tari. Ya ce muƙamuƙin kifi ne, balen suke ce masa. A gidan nan mafarautan teku na dā suke sauka, su farke shi su narka kitsensa. Ya nuna mini tukwanen ƙarfen, kowace za ta ɗauke bijimi.

Subhanallahi! Ashe a cikin baki nake tsaye. Na miƙa hannu sama, ban kai ko rabi ba. Na zamna a kan yashi ina jin ruri na teku, tsoro da kunya suka lulluɓe ni.

Da na koma, ko jaka ban aje ba na durƙusa gaban Baba. Idanunsa sun riga sun dushe. Na ce, "Baba, na ga kifin nan. Ka yafe mini."

Ya lalubo hannuna ya riƙe gam. Ya ce, "Ni ban taɓa ganinsa ba. Matso ka gaya mini, yaya girmansa yake?"