Bijimin da Aka Ɗaure a Turke

A garin Dauran na girma, a hannun kakata Hajjo. Lokacin sanyi, in an idar da isha'i, takan hura wuta da karan dawa a tsakar gida, mu kewaye ta muna gasa gyaɗa. Hajjo mafaɗaciya ce. Har mutanen cikin tatsuniya ba ta raga musu. In ɗayansu ya yi wauta sai ta dakata ta wanke shi tas kafin ta ci gaba.

"Ga ta nan, ku buɗe kunnuwa, ban maimaitawa," haka take farawa.

Wai wani mutum ne ya sayi ɗan maraƙi, don tsananin so ya ɗaure shi a turke. Dusa, harawa, ƙaiƙayi, komai a bakinsa, ko ƙofar gida bai taɓa leƙawa ba, har ya zama bijimi mai tozo. Da ruwa ya sauka, maƙwabta suka fita huɗa da shanunsu suna yi wa mutumin dariya. Zuciya ta ɗebe shi, ya ɗaura wa bijimin garma, ya rantse sai ya gama gonar a ranar. Ya yi ta tsula masa bulala. Kafin azahar bijimi ya durƙusa, bai sake tashi ba. Mutumin ya ce, "Ashe rago na kiwata."

A nan Hajjo ke buga sandarta a ƙasa. "Ku hwaɗa min, wa yaɗ ɗaure shi? Shi yaɗ ɗaure kainai? Sa na huɗa, gungume aka hwara ɗaura mai, shi ja kaɗan yau, kaɗan gobe, har wuya shi saba. Wawan banza!"

Mu dai dariya muke yi, ƙanena Sani har da birgima.

Yau Sani direba ne a Kaura Namoda, yana da ɗa, Mubarak, ɗan shekara goma sha biyar. Tun da hanyoyi suka lalace da 'yan bindiga ya hana yaron fita. Babu gona, babu ƙwallo, makaranta ma a babur ake kai shi. Ban ga laifin tsoronsa ba, kowa na da shi. Amma sai ya cika yaron da taliya da lemon kwalba, ya miƙa masa waya. Jiki ya buɗe, har yaro in ya sunkuya ɗaura takalmi sai ya yi haki.

Abokan Sani a tasha suka fara tsokana, wai ya haifi buhun gero. Ranar nan da tsakar rana ya ja Mubarak filin ƙwallo, ya ce ya zagaye da gudu, shi yana biye a babur yana daka masa tsawa. Yaro ya faɗi yana amai, ƙirjinsa na bugawa, yaran unguwa na shewa. Da muka kai shi asibiti aka ce mana ya fara da tafiyar da za ta sa shi gumi ba ta hana shi magana ba, a riƙa ƙarawa sannu a hankali.

A bakin asibitin Sani ya ce mini, "Yaya, yaron ga ba shi da zucciya, raggo na."

Na ce, "Kai da kay yi birgima gaban Hajjo, ashe gyaɗa kaɗai kac ci, ba ka ji komi ba."

Har yanzu raina a ɓace yake. Na daɗe ina zaton tatsuniyar ta mugu ce, sai yanzu na gane ta mai so ce wanda kunyar mutane ta fi ƙarfinsa. Mubarak ya ƙi fita ko ƙofar gida, ni kuwa tsorona kada ya tsani motsi har abada. Da ƙyar na lallashe shi muka fara takawa bayan asuba zuwa layin dogo. Ranar farko, muna cikin tafiya ya waiwaya ya duba ko ana biye da mu, sannan ya rage murya.

"Gwaggo, in na gaji, ana bari in tsaya?"