Kifin da Ɗana Ya Bar Mini Amana

Shekarun baya, ɗana na fari da ke koyarwa a Yelwa ya tafi wani kwas Legas, ya ce ni da mahaifiyarsa mu koma gidansa mu tsare masa kifi. Kada ku ɗauka tarwaɗa ce. Wasu 'yan sirara ne guda biyu kamar tsinken tsintsiya, baki kamar bututun biro, cikin akwatin gilashi mai ruwan gishiri da duwatsun teku. A Bauchi fa. Ni da karatuna ya tsaya a aji huɗu, rana ɗaya aka naɗa ni Sarkin Ruwa.

Kafin ya tafi ya nuna mini da yatsa. "Baba, wannan shi ne namijin. Don Allah kada a zuba komai a ruwan nan sai abincinsu."

Bai daɗe da tafiya ba cikin namijin ya kumbura. Ya lafe bayan dutse, ya rage ci. Ni ma abinci ya fita raina. Na kira yaron, waya ta ƙi shiga. Da wane ido zan kalle shi in ya dawo ya tarar da gawa, bayan ya fi shekara yana lallaɓa abinsa?

Na ɗauko wani abokina mai shanu daga Inkil. Ya leƙa, ya daɗe yana nazari, ya ce, "Alhaji, kumburin ciki ne. Mu kanwa muke ba saniya."

Na daka kanwar, har na ɗaga murfin akwatin, matata ta riƙe mini hannu.

"Alhaji, wannan juna biyu ne."

"Namiji ne, Hajiya."

"Na haifi bakwai. Kai nawa ka haifa?"

Na ajiye kanwar, amma hankalina bai kwanta ba. Ko masallaci na je, liman na sallamewa nake neman takalmina, in zo in duba ko yana motsi.

Wata safiya muka ga wasu mitsi-mitsi kamar zare suna yawo a ruwan, cikin maigidan kuma ya sace. Da waya ta shiga na ba shi labari, ɗana ya yi ta dariya. "Baba, ai a wurinsu mace ke zuba ƙwai, namiji ya ɗauka har a ƙyanƙyashe." Da na ambaci kanwa dariyar ta ɗauke. Ya ce da ta taɓa ruwan, ba abin da zai kwana a ciki.

Har yau in na tuna inda hannuna ya kai, sai in gode wa Allah. Hajiya kuwa cewa take da a teku Allah ya yi mu, haihuwa ɗaya zan yi in ce a gafarce ni. Ban taɓa musa mata ba.